Sunana a Muryarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu muna nan lafiya, sai gajiya. An fara yankan rake a Dandamisa. In na dawo daga makaranta sai girkin masu aiki, sai wanke-wanke, in na buɗe littafi kuma idona ya rufe.

Inna, za a yi wani horo a Makarfi lokacin hutu. Za a koya wa ɗalibai ɗaukar bidiyo da haɗa sauti da zane a kwamfuta, kuma kowa da hannunsa zai taɓa. Mu a ajinmu a kan allo ake zana mana kwamfuta. Malamarmu ce ta ce in yi rajista, Baba kuma ya ce in dai da rana ne in je. Ina so ƙwarai. Ban taɓa son wani abu haka ba.

Da a rubuce ake rajistar, da tuni na gama. Amma cewa suka yi kowa ya ɗauki bidiyon kansa a waya, ya faɗi sunansa da dalilinsa, ya tura kafin Juma'a.

Kin san ni. Ni ce kike aike sayen manja, in tsaya a bakin shago har sai mai shagon ya tambaye ni abin da ya kawo ni.

Malama ta ara mini wayarta. Na gwada a bayan ɗaki, akuya ta cika wurin da kuka. Na gwada a gonar rake, da na ga fuskata sai harshe ya ƙi motsi. In goge, in sake, har caji ya ƙare, na kai aka yi mini caji, na dawo na sake. Na gaji da kallon kaina. Ranar Laraba na mayar mata da wayar na ce na fasa. Ta ƙi karɓa. Ta ce in juya wayar ta kalli wani abin, murya kaɗai ma ta isa.

Sai na juya ta ga turminki, na yi maganata.

Ina sauraren abin a tsakar gida Baba ya fito da buta zai yi alwalar La'asar. Ya tsaya cak. Ya tambayi wa ke magana, na ce ni ce. Ya zauna a bakin rijiya, ya ce in sake kunnawa. Da ya ƙare bai dube ni ba, ya ce, "Muryar uwarki ce."

Inna, ni ce 'yarki ta fari, ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ku ce wa waccan ta zo ta ci abinci." Haka kike cewa, alhali ina gabanki. Ina ƙarama na ɗauka ba kya so na, duk da naman da nake tararwa a ƙarƙashin tuwona. Daga baya na gane kunya ce. Amma ban daina jira ba. A asibiti a Zariya, da kika riƙe hannuna, na ce yau za ki faɗa. Sai kika ce, "Ke, kin ci abinci kuwa?"

Bayan maganar Baba, na koma ɗaki na kara wayar a kunne, na rufe ido. Sunana Habiba. Haka na ji, a muryarki.

Na tura bidiyon yadda yake, da rawar muryar da komai. Ban san ko za su ɗauke ni ba, masu nema suna da yawa. Abu ɗaya na roƙi Malama, kada ta goge.

Allah Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya hutar da ke hutun da ba ki samu a nan ba. Ya haɗa mu a Aljanna, inda nake fatan kunyar za ta bar ki ki kira ni.

'Yarki ta fari,
Habiba