Yara Takwas da Aka Ce Sun Ƙaura

Ofishin Ilimi na Yanki, 6 ga Yuli

Kawu Lahsen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna Fadma, da yara, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Man zaitun ɗin ya iso lafiya, na gode.

Kawu, wannan magana daga ni sai kai. Sakamakon jarrabawar aji shida ya fito. Cikin makarantu goma sha ɗaya da ke ƙarƙashin ofishinmu, taku ta Ait Mazrud ce ta zo ta ɗaya. Yara goma sha tara suka zauna, sha takwas suka ci. Bara ashirin da shida suka zauna, tara kacal suka ci. Malaman su ne dai na bara, rufin da yake yoyo ma shi ne na bara.

Ka san dokar da muka aika muku a farkon shekara: makarantar da rabin yaranta ba su ci ba za a rufe ta a haɗa ta da ta kwari, wadda ta zo ta ɗaya kuma za a ba ta kuɗin gyara. Shugabanmu, Si Abdelhak, har ya sa an buga takardar yabo. Ni kuwa raina bai kwanta ba. An ce ambulan ɗin tambayoyi ya kwana biyu a gidan shugaban makarantarku, Malam Dris, wai saboda kogi ya cika.

Kai ne shugaban ƙungiyar iyaye. Ka bincika mini a hankali, kada ya san daga ni ne.

'Yarka,
Mbarka

*

Ait Mazrud, ranar kasuwa

'Yata Mbarka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Bassu mai kanti ne yake rubuta mini, yana gaishe ki.

Ikon Allah! Bara da muka faɗi, ba wanda ya hau alfadari ya zo ya tambaye mu dalili. Bana mun ci, mun zama ɓarayi. Ke da kika koyi baƙi a ajin nan, a ƙarƙashin yoyon nan, ke ce kike ganin ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu ba ta isa ba?

Ambulan a gabana aka yage shi, liƙinsa lafiya lau. Mai sa ido kuma kun aiko mana mutumin Tizrat ne, mutanen da muke rigimar ruwa da su tun zamanin kakana. Ko tari yaro ya yi sai ya zare masa ido. Wannan ne zai rufa mana asiri?

Bari ni ma in tambaye ki. A nan ana cewa ɗan kwangilar da zai ƙara azuzuwa a makarantar kwari surukin shugabanku ne, kuma idan ba a rufe tamu ba, ba shi da aiki. Ni ban ce ba, ji na yi. To, wa ya sa ki? Ke ce kike tambaya, ko bakinki aka ara?

Innarki ta ce ki daina zama da yunwa.

Kawunki,
Lahsen

*

Ofishin Ilimi na Yanki, 19 ga Yuli

Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ba wanda ya sa ni. Kuma don Allah ka daina ba Bassu wasiƙata yana karantawa, kantinsa majalisar gari ce.

Kana da gaskiya a abu ɗaya. Na ɗauko takardun yaran na duba su ɗaya bayan ɗaya. Rubutunsu daban, kurakuransu daban. Ba a yi satar amsa ba, ina neman afuwa.

Amma da na je mayar da su sai na buɗe rajistar watan Oktoba. 'Yan aji shida ashirin da bakwai ne, Kawu, ba sha tara ba. Takwas an soke sunansu a watan Maris, an rubuta a gefe: iyaye sun ƙaura. Na tambayi makarantu goman da suka rage, ba wadda ta karɓi ko ɗaya daga cikinsu.

Suna na uku a jerin shi ne Itto, jikarka. A ƙarƙashin kowace takardar ƙaura kuma akwai hatimin ƙungiyar iyaye, wanda na san yana zama cikin akwatinka.

Ina kuka ƙaura, Kawu? Zuwa gidanku na aika wasiƙar farko, kuma daga can amsa ta zo.

Ina jira.
Mbarka

*

Ait Mazrud, Juma'a

Mbarka,

Salama da aminci. Wannan da hannuna na rubuta, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

A watan Maris Malam Dris ya yi wa yara jarrabawar gwaji, goma sha ɗaya suka ci. Bayan Juma'a ya tara mu iyaye a bayan masallaci, ya ce, "Idan aka tafi a haka, makaranta ta rufu. 'Yan aji ɗaya za su riƙa takawa zuwa kwari, tafiyar awa biyu, su haye kogi safe da yamma."

Hammu maƙeri ya ce, "To, ka koyar da su mana, ba aikinka ke nan ba?"

Ya ce, "Ni kaɗai nake riƙe da aji biyar da aji shida a ɗaki guda. Wata uku ya rage. Idan na ajiye na baya takwas, zan iya jan sauran. Takwas ɗin su huta bana, baɗi su dawo."

Kowa ya shiga kallon takalminsa. Malam Dris ya fito da jerin sunaye, ba wanda ya yarda a karanta. Ni na san Itto tana ciki, lissafi ya daɗe yana ba ta wahala. Na ce, "Fara da tawa." Ubanta yana aiki a birni, ni ne waliyyinta. Da na faɗi haka sai sauran suka bi.

Na ce mata hutu aka ba ta. Ta ce, "Kaka, hutun me? Wa ya ce na gaji?" Ranar jarrabawa ta wanke rigar makaranta ta saka, ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Mutumin Tizrat ya duba takardarsa ya ce, "Yarinya, babu sunanki." Ta juyo ta dube ni, ina zaune a kujerar shugaban iyaye. Tun daga ranar ita ke kawo mini shayi, ta ajiye ta fita.

Yanzu kuma Malam Dris ya ce baɗin ma da wuya, wai wanda aka rubuta ya ƙaura ba ya dawowa sai da takarda daga makarantar da ya je. A bayan masallaci bai faɗa mana haka ba.

Na yi laifi, na sani. Amma na ɗauko takardar dokar nan na sake dubawa. Sa hannu biyu ne a ƙasanta, na Si Abdelhak da naki. Da kuke rubutawa, me kuka zaci za mu yi?

Ki ƙona wannan. Idan ta fita, makaranta ta tafi, ni ma ba ni da fuskar shiga masallaci.

Kawunki

*

Makarantar Ait Mazrud, 30 ga Yuli

Zuwa ga Malama Mbarka, jami'ar jarrabawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Labari ya iso mini cewa kina bin diddigin rajistata. Ba sai na faɗi ta bakin wa ba, garin ƙarami ne.

Ba zan musa komai ba. Ina roƙon abu ɗaya: kafin ki rubuta sunana, ki buɗe rajistar sauran makarantun, ki ga yawan iyayen da suka ƙaura a watan Maris. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. A taron shugabannin makarantu na ji ta, bayan an tashi, wajen shan shayi, daga bakin wanda ba zan rubuta sunansa a takarda ba. Ofishinsa yana kallon naki.

Ana cewa na yi ne don a mayar da ni birni wurin iyalina. Gaskiya ne na nemi canji, shekara shida ina nema. Gaskiya ne kuma na taɓa tsamo gawar yaro daga kogin nan. Ki zaɓi wadda za ki saka a rahotonki.

Da girmamawa,
Dris, shugaban makaranta

*

Ofishin Ilimi na Yanki, 11 ga Agusta

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna. Ban ƙona wasiƙarka ba, amma ba wanda ya gan ta.

Malam Dris ya rubuto mini. Na duba abin da ya ce: makarantu biyar ne suka yi haka, yara arba'in da ɗaya. Na shiga wurin Si Abdelhak da jerin sunayen. Bai ko karɓa ba. Ya ce, "Mutanen dutse kullum cikin ƙaura suke, ke ma 'yarsu ce, kin fi ni sani." Na ce gidajensu suna nan ba su motsa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Yankinmu ya tashi daga na ƙarshe zuwa na huɗu a lardi, kason kuɗinmu na baɗi zai ƙaru. Yaya kawunki? Hatiminsa yana da kyau." Ni ban taɓa nuna masa takardun ba, Kawu. Tun daga ranar nake tafiya gida da makullin durowata.

Akwai abin da na so in ɓoye maka, amma ba zan iya ba. Sha takwas cikin ashirin da bakwai ya haye rabi. Ko da takwas ɗin sun zauna sun faɗi duka, ba za a rufe makarantarku ba. Abin da za ku rasa shi ne matsayi na ɗaya. Ko Malam Dris ya hango haka a watan Maris, ko tsoro ne ya rufe masa ido, ban sani ba, kuma na gaji da zato.

Na rubuta rahoto zuwa lardi, direban motar kasuwa ya kai mini, ban bi ta ofis ba. Na nemi a mayar da yaran aji kuma a janye dokar. Sunana na fara sakawa, don ni na tsara ta, ina ganin tsoro zai sa malamai su dage. Naka yana ciki, ban sami hanyar cire shi ba.

Ka yafe mini idan za ka iya.
Mbarka

*

Ait Mazrud, 20 ga Satumba

Mbarka,

Salama. An buɗe makaranta. Shida cikin takwas sun koma aji, har da Itto. Na Hammu biyu sun riga sun tafi birni aikin gini. An janye kuɗin gyaran rufi. An ɗauke Malam Dris, ba birni aka kai shi ba, kuma har yau ba a turo wani ba. Na mayar da hatimi. A masallaci ana amsa mini sallama, shi ke nan.

Na ji an mayar da ke ɗakin ajiye takardu, Si Abdelhak kuwa yana nan a kujerarsa. Ki riƙa cin abinci.

Shekaranjiya wasu mutum biyu sun zo da mota, suka auna azuzuwa da igiya, suka ƙirga kujeru. Na tambaye su gyara ne ko rufewa. Babban ya ce shi awo aka aiko shi.

Idan kin san amsar, ki rubuto. Amma bana kada ki zo Sallah, ki bari sai gari ya huce.

Kawunki,
Lahsen