Ka Daina Leƙa Mini Falo

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Biyu da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan yayanka, Ya haskaka kabarinsa. Mu nan da sauƙi. Auta ta koma makaranta, ƙafar Goggo kuma ta saɓe.

Bayan haka, mai gyaran intanet ya zo, ya ce kai ka turo shi a sabunta tsarin nan na lambar da ba ta canjawa. Na zaunar da shi na ce ya yi mini bayani dalla-dalla, don ni karatuna bai yi nisa ba. Ya ce lambar intanet ta yawancin gidaje canjawa take yi, kuma ba ta hana kowa kira ko kallo a waya. Tamu an tsayar da ita ne don na nesa ya riƙa shiga kyamarar falo kai tsaye. Na nesan nan kuwa kai ne.

Lokacin da yayanka yake kwance a falo ban musa ba, don shi ya roƙa, yana so ƙaninsa ya riƙa ganinsa. To, ya tafi. Jana'iza ba ka zo ba, gaisuwa ba ka zo ba, amma idonka kullum yana bangona. Ka gan ni ina ajiye kofi biyu da safe, ina yi wa kujerarsa magana, ina goge takalmansa. Maimakon ka kira ni ka ce Yaya sannu, sai ka kira Goggo ka ce na fara taɓuwa, a kwashe ni daga gidan a kai ni wajenta. Ba ka ji kunya ba? Ni da na yi maka wanki kana ɗan makaranta!

Ban taɓu ba, kewar mijina nake yi, kuma a ɗakina zan yi ta. Wannan lamba ba ta da wani amfani a gidan nan. Na ce a mayar da mu irin ta kowa, kyamarar kuma na sa ya sauke ta, tana cikin kwali a bayan ƙofa. In kana son sanin halin da nake ciki, ka zo ka yi sallama, in yafa mayafina in buɗe maka.

Ka gaishe da Maman Biyu, ita ba ruwanta, da 'yan biyuna da Ƙaramin Baba. Auta ma tana gaishe su.

Matar yayanka, wadda ba za ta bar gidansa ba.