Ja da Kore

'Yargalma, 6 ga Maris, 2011

Zuwa ga jikata Naja'atu, amaryar tsoho,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki a Anka? Da hannuna nake rubutu, ki daina dariyar makarantar yaƙi da jahilci. Albishirinki! Takardar gwajin jinin ƙanwarki Sa'a ta iso daga ofishinku na asibiti, ni na karanta ta a zaure. Jinin da aka ɗiba sau biyu, gubar dalma ta sauka daga 96 zuwa 14. Na yanka ɗan akuya. Innarki Habsu ta yi guɗa har ta shaƙe.

Babanki Zayyanu ma ya fito da buhunan dutsen zinarin da ya ɓoye ƙarƙashin gadonsu tun lokacin da aka kwashe ƙasar gidan nan saboda gubar da ke cikin ƙurarsa. Tunda guba ta tafi, a tsakar gida yake daka. Sa'a ta daina rigima, sai barci, ko tuwo ba ta nema. Hutawa take.

Naki, mijinki na fari,
Muttaka

Anka, 9 ga Maris

Kaka,

Ina gaisuwa. Yau babu wasa. Na ba direba Shitu wannan don waya ba ta shiga garinku.

Cikin kwamfuta muna da rumbun bayanai. Jadawali ne, kowane layi da sunansa a sama. Ƙa'ida ita ce suna ya fara da harafi, kada a bar fili a tsakiyarsa, kuma ya faɗi abin da ke ƙarƙashinsa, yadda baƙo zai gane. Hayatu, wanda na gada, bai bi ta ƙarshen ba. Littattafan gwajin jini biyu ya kwafo, mai jan bango da mai kore, sai ya sa wa layukan "ja" da "kore". Shi ya san wanne ne gwajin farko. Ya bar aiki ya tafi haƙar zinari, littattafan kuma ba a gan su ba. Wanda ya buga takardu ya ɗauka kore ne na ƙarshe.

Jiya na ga sunan wani yaro daga Sunke da ya rasu kafin a sake ɗibar jininsa. Lambar gwaji guda kawai gare shi, Kaka, kuma ƙarƙashin kore take. Kore ne na farko. Jinin Sa'a daga 14 ya hau 96. Likita ya ce dama ba ya sauka haka babu magani.

Ku kawo ta yau. A fitar da dutsen nan daga gida.

Jikarka,
Naja'atu

'Yargalma, 10 ga Maris

Naja'atu,

Gaisuwa mai yawa. Ke dai da tsoro, kamar kakarki. Na karanta sau uku, ban ga laifin yaron nan Hayatu ba. Ni ma rumbuna biyu ne, Dogo da Gajere nake ce musu, ban taɓa ɗebo dawa a madadin gero ba. Takarda mai hatimi ce a hannuna, duk gari an zo barka. In ce musu me?

Zayyanu ya ce a bari sai ranar kasuwa. Ɗazu Sa'a ta yi amai, ta ƙura wa bango ido, na kira ta ba ta waiga ba. Habsu ta ce iska ce, an yi mata hayaƙi. Ni na ce ƙiwuya ce.

Amma faɗa mini, yaron nan na Sunke, yaya ya fara?

Kakanki

'Yargalma, 11 ga Maris

Naja'atu,

Kada ki ba da amsa. Shitu ya ƙi jiran fasinja, motarsa za mu biyo. Ɗan acaɓa na ba wannan don ya riga mu. Ki tsaya a bakin ƙofa da likitan. Sa'a tana kafaɗata, jikinta yana ta fizga, shi ya sa rubutun ya karkace.

Allah ya sa mu iske ki.

Muttaka