Alkawarin da na yi a gaban hankaka

Mandakini ce ke rubuta mini wannan, malamar makarantar da ke zaune a bayan gidanmu, ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ita ke karanta mana amsoshinki a jarida ran Lahadi. Ki taimake ni 'yata, kin ji. Kada ki sa sunana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Ran kwana goma muka sauka bakin kogi, aka ajiye masa dunƙulen shinkafa, aka ja baya ana jiran hankaka ya taɓa, a san ya tafi ba abin da ya rage masa a rai. To hankaki ga su nan cike da bishiya, amma ko ɗaya ya ƙi sauka. Tun hantsi har rana ta take. Wansa Tukaram ya matsa ya ce wa mamacin gonar dawa ba za a sayar ba. Shiru. Ya ce shanun nan biyu a gida za su tsufa. Shiru. Na ji wata daga baya tana cewa, "Yana raye ba a iya masa ba, ya mutu ma sai an yi lallashi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malamin ibada har ya fara murɗa ciyawa zai ƙera hankakan ƙarya a taɓa da shi. Kin san abin kunya ne wannan, a ƙauye ba a mantawa.

Sai na matsa. Na ce fitilar tagulla ta ɗakin alloli, wadda uwarsa ta damƙa mini ran da aka kawo ni, rana ba za ta faɗi ba sai na kunna ta da hannuna a gidansa, muddin ina numfashi. Ban gama rufe baki ba hankaka ya dira ya sari shinkafar.

Tun daga ranar ban kwana ko'ina ba. Biki in da nisa, ban je ba. Matan unguwa su tafi ziyarar ibada garin Pandharpur a ƙafa, ni in raka su bakin titi in dawo. Ban taɓa jin nauyinsa ba, gaskiya. Mai ne da lagwani, mene ne a ciki.

'Ya ɗaya ta rage mini, Shevanti. Maza biyu tun suna goye suka tafi. Ita ta auri masaƙi, ba zuriyar da muke aure ba, ubanta bai sake kiran sunanta ba har ya mutu. Ko bakin kogin ba a gaya mata ba. Bayan rasuwarsa takan zo mini sau ɗaya a shekara, ta gasa mini gurasar dawa, tana tsokanata wai na auri fitila.

Wata guda ke nan ɓarin jikinta ya shanye. Tana Solapur, awa shida a mota, ba a zuwa a dawo kafin faɗuwar rana. Mijin dole ya fita masaƙa, 'yan matanta ƙanana ne, haka take wuni ba mai juya ta. An kara mini waya a kunne, kalma ɗaya ke fita daidai a bakinta, Inna.

Tukaram ya ce, "Wa ya shaƙe ki kika faɗa? Ki saɓa ki bar ƙanena da ƙishirwa a can lahira saboda wadda ta zubar mana da mutunci?" Mandakini ta ce in tafi ita za ta riƙa kunnawa. Amma da hannuna na ce.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Rubuta kawai, Mandakini, daina kallona. Lokacin da bakina ke zancen fitila, a cikin raina wata magana nake masa. Cewa nake, Shevanti fa, ko kai ka yar, ni ba zan yar ba. Yanzu ban san wacce hankakan ya sauko wa ba.

Wanne ne haƙƙin da ke kaina, na mamacin ko na mai ran? Na gaji. Ya isa haka.

Nan ta tsaya. Sai na rufe wasiƙar. Mai rubutawa, Mandakini.

Amsa

Iya, na gaishe ki.

Magabata ba su zuba wajibai a kwando ɗaya ba, sun rarrabe su. Akwai na kullum, irin kunna fitila da ciyar da baƙo. Akwai wanda lokaci ke kawowa, irin shinkafar bakin kogi. Akwai wanda mutum ke ɗora wa kansa da bakinsa don wata buƙata, nan alkawarinki ya faɗa. Akwai na matsayi: na mata, na uwa, na ɗa. Sannan akwai wanda ke kan kowa da kowa, wato gaskiya, tausayi, da rashin cutar da mai rai. Sun kuma ware hukuncin lokacin tsanani, inda aka yarda a sassauta ƙarami don kada babba ya zube.

Tukaram bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Alkawari alkawari ne, kuma cika shi yana cikin gaskiya. Ba zan ce miki shekara goma sha ɗayan nan wasa ba ne. Inda ya kauce shi ne da ya ɗora abin da kika ɗauka da bakinki a kan abin da aka ɗora miki ran da kika haihu. Na biyun ya girmi na farkon, ga kuma tausayi a bayansa.

Zuciyar hankaka kuwa ban san ta ba, kuma kada ki yarda da wanda ya ce ya sani. Abin da na sani, alkawari biyu kika yi a wurin nan. Ɗaya kin cika shi ba fashi. Ɗayan yanzu ne ya zo karɓa.

Ga abin yi. Ki je wurin malamin ibada da kanki, ba ta bakin Tukaram ba. Ki gaya masa duka, har maganar zucin. Ki nemi ya sauke miki sharaɗin zama a gidan, ya faɗa miki kaffararsa; yawanci ba ta wuce azumin yini da ciyarwa ba. Allolin gida suna ƙaura da masu gida, kowa ya ga an yi. Ki naɗe su da fitilar a tsumma mai tsabta, ki hau motar sassafe don ki isa da sauran rana. Mandakini ta riƙe makulli. Tukaram zai yi magana, ki bar shi ya yi.

In kin isa ki tambayi asibiti yadda ake juya mai irin wannan ciwo da motsa mata gaɓoɓi, kuma kada ki ɗaga ta ke kaɗai, shekarunki sun wuce nan.

Fitilar kuma ki ajiye ta inda Shevanti za ta gan ta daga kwance. Ta gidan ubanta ce. Ina yi mata fatan sauƙi, ke kuma a sauka lafiya.

Sulabha