Marin da Ya Cinye Muryar Baba

Mainika, Gwarzo.

Zuwa ga Yayana Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Adawiyya da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwar shanu, yaya haƙuri da zaman nesa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, dawa ta fitar da kai, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zagaya gida ba sanda. Na baro Kabo na zo gida zan kwana biyu. Na ba Sajo direba takardar ne saboda maganar ba ta waya ba ce, ka san da ka kira Inna take matsowa ta kasa kunne.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san kwamfutar nan da ƙaninmu Bashari ya juye kaset-kaset ɗin tafsirin marigayi Baba a cikinta, kafin gara ta cinye kwalin gaba ɗaya. Ka kuma san Inna ba ta karyawa sai an kunna mata addu'ar ranar rufe tafsiri, inda Baba yake ambaton sunanta da namu ɗaya bayan ɗaya. Ita kwamfutar ma Malam take kiranta, ta ce a ɗauko mata Malam, a rufe Malam kada kaji su hau. To tun bayan Babbar Sallah kwamfutar ta fara tsayawa ana tsakiyar karatu, sai ka ji wani ƙas-ƙas daga cikinta. Bashari yana Garo wajen koyarwarsa a Islamiyya, sai Yaya Ƙasim ya zama likitanta. Ka san maganinsa ɗaya ne a duniya. Yadda muka taso muna ganin ana marin rediyon Baba idan ta shaƙe, haka yake zabga mata mari, idan ta ƙi ya ɗaga ta ya buga da tabarma. Wai har yana alfahari, komai taurin kan bijimi ya san hannunsa, balle akwatin bature. Abin haushi, wani lokaci takan ci gaba da karatun, sai ya ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Da ta ƙi tashi gaba ɗaya, ran kasuwa muka ɗauke ta, ni da Bashari, muka kai wa Zayyad ɗan Gwaggo Asta, wanda yake da shagon gyara kusa da tashar Gwarzo. Yaya Ƙasim ya biyo mu da sandarsa, wai ya zo ya ga ko za a cuce mu. Zayyad ya kwance ta ya ciro wani ƙarfe kamar tafin hannu, ya ce shi ne had-disk, duk muryar Baba a cikinsa take. Ya jona shi da tasa kwamfutar, sai ga ƙananan gurabe sun fara jeruwa a allon, kamar an yanka gona fegi-fegi. Ya ce kore lafiyayye ne, ja kuma ya mutu, ba a iya karanta abin da ke cikinsa, su a bakinsu bad bulok suke cewa. Da farko kore ne zalla, har na fara hamdala. Can sai ja ya ɓullo, ya yi layi, ya ɓace, ya sake ɓullowa a dunƙule, ƙarfen yana ta ƙas-ƙas ɗin nan duk sanda aka iso wajen.

Zayyad ya yi mana bayani a hankali. Ya ce cikin ƙarfen akwai faifai da ke juyawa da gudu, da wata allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba. Idan tsufa ne, jan yakan warwatsu nan da can. Amma wannan da ya taru wuri-wuri, allurar ce ta karce faifan, kuma garin da ya fito daga karcewar yana ƙara cin na kusa da shi duk sanda aka kunna. Ya ce ba maganar gyara, sai dai ceto. Zai fara kwashe lafiyayyun, yana tsallake matattun, daga baya ya dawo ya lallaɓa su ko wani zai buɗu. Ya roƙe mu kada kowa ya jingina da teburin har a gama, ya kuwa maimaita. Aka fara kwasa, muna zaune muna kallon sunayen surori suna wucewa, Baƙara, Ali Imrana, Nisa'i.

Da Bashari ya yi shiru da an zauna lafiya, amma ka san bakinsa. Ya tambayi Zayyad a gaban kowa ko duka yana sa allura ta karci faifai. Yaron nan ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce yana sawa. Sai Bashari ya juya ya dubi Yaya Ƙasim, ya ce masa ya ji daɗi, ya binne Baba karo na biyu da hannunsa. Yaya, ban ga tashin hannun ba, ƙarar marin kawai na ji. Bashari ya faɗi kan tarin tsofaffin wayoyi, ya miƙe bakinsa jina-jina, ya rarumi kujerar ƙarfe ya maka wa yayansa a goshi. Gira ta tsage, jini ya rufe masa ido. Yaya Ƙasim ya ɗaga sandarsa, sai ta haɗu da fankar sama. Suka cakumi juna, wuya da wuya, manyan mutane masu iyali, suna gurnani suna zagin abin da ban iya rubutawa. Zayyad ya baje hannuwa ya kare teburin da jikinsa yana roƙonsu da girman Allah, sai gwiwar hannun ɗayansu ta same shi a hanci. Ina ihu ina kiran sunan Inna ko za su ji kunya, ina! Tare suka faɗa kan teburin.

Na ga ƙarfen nan ya bar teburin da wayarsa a jiki, yana juyawa, ya daki siminti. Ya yi wani ƙara mai tsini, sannan ya yi shiru. Wallahi ban san sanda na ɗauki sandar Yaya Ƙasim ba. Na shiga jibgarsu, ban ware babba da ƙarami ba, gadon baya, ƙauri, duk inda na samu, ina kuka ina duka har sai da 'yan acaɓa suka shigo suka ƙwace ta. Kuma ko yau aka maimaita sai na ƙara. An yi wa Yaya Ƙasim ɗinki a goshi, Bashari ya rasa haƙorin gaba, ba sa ga-maciji da juna har yanzu. Ni ba su ne damuwata ba, fata tana warkewa.

Zayyad, da auduga a hanci, ya sake jona ƙarfen ya gwada ta kowace hanya, ko juyawa bai yi ba. Abin da ya riga ya kwasa ya kai Suratul Kahfi, da 'yan giɓi a tsakiya inda jan nan yake. Daga nan zuwa ƙarshe babu. Addu'ar rufewa ita ce ta ƙarshe a jerin, ba a kai gare ta ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Na tuna da kuka zo Sallah, 'yarka Zinnira ta zauna da Bashari tana tura wasu karatun a tsohuwar wayarka, wadda gilashinta ya fashe. Don Allah, don darajar iyaye, ka nemo wayar nan. Kada ka bari a goge ta, kada a ba yara, kada kowa ya bubbuga ta idan ta ƙi kunnuwa. Ka sa Zinnira ta duba ko addu'ar tana ciki. Idan tana nan, kira ni kawai ka ce shanu sun iso, zan gane. Idan babu, ka taho da kanka, don ni ba zan iya gaya wa Inna ni kaɗai ba.

Mun ce wa Inna faɗuwa Yaya Ƙasim da Bashari suka yi a babur. Ta dube su, ban san ko ta yarda ba. Amma kullum bayan asuba takan shimfiɗa tabarmarta, ta share gurbin da ake ajiye kwamfutar, ta ture kokonta gefe har ya huce. Yau da safe ta sake tambayata yaushe Malam zai dawo daga wajen gyara, na ce mata ya kusa.

Ka gaishe min da Yaya Adawiyya, da Zinnira, da Hadi, da auta Sa'a. Gwaggo Asta tana gaishe ka, maigidana ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka samu addu'ar nan.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Ummu Hani