Na zuga Kaka ta hana hawa jirgi, ga shi layi ya zo kaina

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, rabin 'yan ajinmu suna cikin nan. Don Allah ku ba ni shawara, na gina ramin mugunta kuma ban gina shi gajere ba.

Ni 'yar aji biyar ce a sakandare, a garin Tudun Wada muke, can kudancin jihar Kano. Muna da kawu a Abuja, hutun da ya wuce ya ce matarsa da ta zo ganin gida ta taho masa da ƙanwata a jirgi, wai don ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ni da na girme ta da shekara biyu aka ce in yi rakiya, ni ce ma mai riƙon jaka. Muka sha awa biyu da ɗoriya a mota kafin mu isa filin jirgin Kano, muka tsaya har suka tashi. To a hanyar komawa gida, ko Bagauda ba mu kai ba, ina matse tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji, sai ga wayar ƙanwata wai sun sauka har tana shan shayi. Awa ɗaya fa! Wallahi ji na yi kajin nan ma dariya suke mini.

Tun da ta dawo gidanmu bai huta ba. A aike ta kai niƙa ta ce da a jirgi ne da tuni ta kai Abuja, tuwo ya yi jinkiri ta ce su a sama ba a bar su da yunwa. Magana ma ta koma yi ta hanci. Da abin ya ishe ni sai na samu Kaka, wadda dama ba ta yarda mutum zai kai Abuja a awa ɗaya lafiya ƙalau ba, na ce mata saurin ne ke tura iska ta kunne ta juya ƙwaƙwalwa, ta dubi yadda jikarta ta koma. Ni wasa nake. Kaka ta aika garin Burumburum wajen wani malami aka karɓo rubutu, yarinyar nan ta sha kwana bakwai har da hayaƙi, sannan Kaka ta rantse a gaban Baba cewa muddin tana raye babu jikanta da zai ƙara hawa.

Jiya Kawu ya bugo, ya ce bana ni ce da tafiya, zuwa Juma'a zai yanki tikiti. Baba ya ce shi ba zai sa uwarsa ta karya rantsuwa ba, in dai zan je to a mota, wuni guda ana jijjiga. Ƙanwata kuwa ta ce za ta zauna da agogo tana ƙirga mini awannin, kuma na san za ta yi.

In na faɗa wa Kaka gaskiya sai ta yi kaffara, Baba kuma na san halinsa, yana iya cewa ko tasha ba zan taka ba. In na yi shiru, har mu tsufa ita ce ta hau jirgi ni na hau mota. Ku faɗa mini kafin Juma'a, in je in durƙusa gaban Kaka, ko in ɗaure ɗankwalina in nufi tasha?