Ranar da Kawu ya ga cikin Sani

Daren Talata, watan Rajab, Talata Mafara

Ƙafafuna ciwo suke, amma ba zan kwanta ban rubuta wannan ba.

Yau likitocin da suka zo bincike suka sake gwada na'urarsu mai nuna hoton cikin mutum a asibitinmu, ni ce tafinta. Da ƙyar na shawo kan Kawu ya kawo ɗansa Sani daga Damri. Tun da Sani ya fara wanka a magudanar ruwan Bakolori yake fitsarin jini. Na ce cutar tsargiya ce, Kawu ya ce girma ne, kowane namiji sai ya yi. Har da yi mini dariya: "Ke ɗiyata, mi kis sani ga sha'anin maza?" Raina ya ɓaci, na dai haɗiye.

Likita ya shafa wa Sani mai a mara, ya ɗora kan na'urar. Hoton ya fito dishi-dishi kamar hadari, ni kaina da farko ban gane komai ba. Sai likita ya nuna inda mafitsara ta kumbura. Kawu ya daɗe yana kallo.

"Wanga abu shina warkewa?"

Na ce in sha Allahu, in ya sha magani. Har yanzu ina tsoron ruwan nan, don na san Sani zai koma. Amma Kawu ya cire hularsa ya miƙo mini, ya hau gadon da kansa.

"Juya baya, ɗiyata, a duba ni. Nawa girman har yau bai tsaya ba."